Wando Mai Tsayuwa da Kansa

Isa.

Zuwa ga taubashina Malami mai ƙaho, a Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ruƙayyatu da yara, da karnukanka waɗanda na ji an ce sun fi iyalin samun tuwo. Mu nan Isa lafiya lau, sai zaman ɗar-ɗar da kowa ya sani. Tun da anka rufe layin waya kunnena ya huta da muryarka, amma ga shi dole ta sa na ɗauki biro. Hamza direba za shi kawo maka wagga takarda tare da ƙunshin leda.

Labari ya iso mani a kasuwa cewa bana za ka kai mutanenka farauta dutsen Mambila, wai manoman can sun kira ku ku raba su da aladun daji da ke cinye masu masara da gwaza. To, na san dajinmu ya gagara shiga, ɓarayi sun mayar da shi gidansu, ban ga laifinku ba. Amma Malami, kai da ba ka taɓa wuce Gusau ba, mi ka sani game da Mambila? Ni na zauna can da mijina, marigayi Alhassan, shekarun da yake fataucin shanu. Ɗarin can ba irin namu ba ne da ake korarsa da wutar kara da kunun safe. Ɗari ne mai ruwa. Gajimare ke saukowa ya kwanta cikin ciyawa, ciyawar kuma ta kai mutum ƙugu.

Abin da ke cikin ledar wando ne, na ciro shi daga dilar gwanjon da na kwance makon jiya. Cikinsa cike yake da auduga, bayansa kuma ruwa ba ya ratsawa. Na ware maka shi tun kafin masu saye su gani. Ka sa shi cikin jakarka, ba sai ka gode ba, na san ba ka iya ba.

Kada ka ce mani ƙafarka lafiya. Na gan ka wurin ta'aziyya a Gatawa. Da anka shafa fatiha kowa ya miƙe, kai sai da ka dafa bango, kana dube-dube wai takalmi kake nema. Mutane ba su lura ba, ni na lura, don tun muna yara aikina kenan, neman abin dariya a jikinka. Ƙahon farautar da ke rataye a wuyanka na kakanmu Maliki ne, ni ma jikarsa ce ko da ta wajen mace na fito. Ba ni son gwiwar banza ta sa ya bar gidanmu.

Taubashiyarka,
Larai.

*

Sabon Birni.

Zuwa ga baiwar gidanmu, Larai 'yar gwanjo.

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Karnuka sun amsa gaisuwa, sun ce ke ma ki gaishe masu da tsummokaranki. Na ji ɗiyarki Mardiyya ta sauka lafiya, Allah shi raya, Allah shi sa kada ya ɗauko bakin kakarsa.

Hamza ya kawo ledarki. Na kwance ta a zaure, na ɗauka katifar jariri kika aiko. Da na ɗaga sai na ga tana da ƙafa biyu. Na ajiye shi tsakar zaure, wallahi Larai ya tsaya da kansa, ba kowa ciki. Duna, karyata, ta yi ta haushinsa har sai da na kore ta waje. Wane Bature ne ya mutu ya bar maki wanga abu?

Na gwada shi, don kada ki ce ban yi adalci ba. Na rufe ƙofa tukuna. Na taka, ya ce shuu. Na ƙara takawa, shuu, shuu. Ko kurman alade za shi ji ni tun daga Kurawa. Ke da ba ki taɓa kama ko ɓera ba, bari in koya maki. Mai ƙaho shi ke gaba, ɗaure da warki, fatar nan tamu ta ƙugu, ƙwaurinsa a waje. Ba don ado ba ne. Da safe ciyawa na jiƙe da raɓa, inda dabba ta ratsa ta kakkaɓe raɓar, ƙwaurina ke gaya mani tun kafin ido ya gani. In na cusa ƙafata cikin katifarki, da mi za ni karanta sawu? Haka kaka Maliki ya yi, haka babana ya yi, ba wanda ya nemi shawarar mai gwanjo.

Ga kuma abin da ba ki sani ba. Wada na nan, ɗan maƙwabcinmu da na koya ma riƙon kare tun bai iya ɗaura wando ba. Yanzu ya yi gemu ya yi ƙirji, samari na kiransa maigida in ba ni kusa, idonsa kuma ba ya barin ƙahon nan. Ɗiyana maza sun tafi Legas tuƙin babur, ba mai karɓa cikinsu. Ranar da mutanena sunka ga na rufe jikina fiye da nasu, ranar za su fara cewa Baba ya tsufa. Ƙa'idarmu kuwa kin san ta: duk wanda ya busa ƙahon nan cikin daji karnuka sunka amsa mashi, ya zama nashi. Ba za ni buɗe ma Wada ƙofa da wando ba.

Batun Gatawa kuma, takalmina nike nema da gaske. Ga kayanki nan na mayar. Ki sayar ma mai ciwon baya ya kwanta a kai.

Ubangidanki,
Malami mai ƙaho.

*

Isa.

Zuwa ga Malami mai karatu da ƙwauri.

Sallama da gaisuwa. Mardiyya ta gode, yaron na tsotso lafiya, an sa mashi Nasiru. Ni ce haƙori ya dama, ya hana ni cin goro. Takardarka ta iso, na sha wuya kafin in karanta, rubutunka kamar kaji sun yi faɗa cikin toka.

Takalmi kake nema? Takalminka na hannunka lokacin, Malami.

Ga wandon nan ya sake dawowa. Hamza ya ce in mun gama wasan mu gaya mashi. Ba ni musun iliminka na ciyawa, amma ciyawarmu raɓarta na bushewa kafin hantsi. Ta can ba ta bushewa. Alhassan ƙato ne, ya fi ka ƙashi nesa ba kusa ba, ya raina ɗarin nan yadda kake raina shi, yana bin shanu da wando ɗaya tilo. Tari ya kama shi can, da shi munka dawo Isa, da shi anka kai shi makwancinsa. Ina faɗa maka a fili, tsoro nike ji. Ka ji daɗi, baiwa ta ji maka tsoro, sai ka rataya shi a wuya kusa da ƙahon.

In kunyar Wada kake ji, sa shi ƙarƙashin buje mana, babban wandon nan naku na mafarauta, wa za shi leƙa? In kuwa dole sai ka yi gaba da ƙwauri tsirara, to ka zura shi in kun sauka zango, gwiwar ta samu ɗumi kafin safe. Ba nauyi gare shi ba. Jakarka ta ɗauki layu da ƙullin magani da tarkacen da ko kai ba ka san amfaninsu ba, ba wando ɗaya za shi karya ta ba.

Kuma bari in gaya maka, kai kaɗai ke ganin wanga wando abin kunya ne. Dilar nan cike take da irinsa, makon nan duk sun ƙare. Ana ta zuwa ana saye, ana naɗewa cikin buhu ana fita ta bayan rumfa. Naka kaɗai ya rage. Ka yi tunani a kan wagga magana, in akwai abin tunani ƙarƙashin hular.

Larai.

*

Sabon Birni.

Larai,

Gaisuwa. Allah shi ba ki lafiyar haƙori, ko da yake rashin goro bai rage maki surutu ba. Allah shi jiƙan Alhassan, mutumin kirki ne, haƙurin da ya yi da ke kaɗai ya isa shaida. Amma shi falke ne, ni mafarauci.

Na yi tunanin da kika ce in yi. Wato an zaɓe na kirki duka, wanda kowa ya ɗaga ya ajiye shi ne rabon taubashi. Na gode da kwantai.

Ba za ni sake wahalar da Hamza ba, na samo ma wandon aiki daidai da shi. Tsuntsaye sun dame ni a lambuna na bakin fadama, sai na kafa sanda, na zura shi, na ɗora mashi tsohuwar hula. Tun ranar ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Masu wucewa na yi mashi sallama. Jiya wata tsohuwa ta tsaya tana tambayarsa hanyar Alkalawa, ta tafi tana zagin rashin tarbiyyarsa.

Gobe mota za ta ɗauke mu, mu da karnuka. Da munka taru duba kaya na ce duk mai tsoron ɗari ya zauna gida ya taya mata dakan fura. Wada ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke ransa. Za shi jira, za shi gaji.

Ki yi mana addu'a in kin samu sarari tsakanin tsummokara.

Ubangidanki,
Malami mai ƙaho.

*

Isa.

Malami, salamu alaikum. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, muna lafiya. An tare hanya kwanakin nan, mota ba ta fita ba, takardarka ta yi ta kwana a aljihun Hamza har ta yi laushi. Ban sani ba ko wagga za ta iske ka gida.

Kai wane irin kai gare ka? Kwantai? Na ce ka yi tunani, ashe aikin ya fi ƙarfinka. Su wa kake zato ke hawa mota daga Sabon Birni, su ratso wagga hanya da ake tare mutane, don kawai su sayi wandon auduga a Isa? Mutanenka ne! Ɗaya bayan ɗaya sunka zo, kowa na waige-waige, kowa na cewa, "Inna Larai, don Allah kada Baba Malami ya ji." Na yi masu alkawari, shi ya sa na kewaya maka magana. Yau na karya alkawarin, Allah shi yafe mani, wautarka ta ja.

Wadan da kake zagi shi ya fara zuwa. Ya zauna bakin rumfa ya yi ta tambayata yadda ƙasar take, ina ake samun ruwa, yaushe gajimare ke sauka, tambayoyin da kai mai ƙaho girman kai bai bar ka ka yi ba. Biyu ya saya. Ɗaya dogo daidai shi, ɗayan gajere mai faɗin ƙugu. Na ce mashi wanga ai ba za shi yi maka ba. Ya ce in dai naɗe mashi.

In kana gida, je ka lambu ka tuɓe ma mutum-mutuminka wando, ka ba shi haƙuri. Ya fi ka hankali, shi ko ba komai ya yarda ya sa.

Larai.

*

Isa.

Zuwa ga Malami, duk inda yake.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Nasiru ya fara dariya, haƙorina an cire shi na huta. Hamza ya ce ya iske kun tafi, ya bar takardata wurin Ruƙayyatu. Wagga ma can za ta jira ka. Ina rubutawa ne don in ban zage ka ba abinci ba ya shiga.

Wata ya ɓace wani ya tsaya, ba labarinku. Masu zuwa bakin iyaka su kama layin Nijar sun ce sun kira lambar Wada har sun gaji, ba ta shiga. Ranar kasuwa wani mai shanu da ya fito can ya ce ya ji an sauko da wani mafarauci daga kan dutse a kafaɗa. Bai san ko wane ne ba, bai san ko da rai ba. Na zauna cikin rumfa na kasa naɗe ko riga ɗaya, har maƙwabciyata ta zo ta rufe mani kaya. Na gaya ma kaina mafarauta sun yi yawa a duniya, kuma irinka ba ya mutuwa da wuri, sai ya gama ƙona ran kowa.

Hamza ya ce wandon na nan tsaye a lambu, rana ta fara cin launinsa, hular ta karkace. In ka mutu a kan dutsen mutane saboda taurin kai, wallahi ba za ni yafe maka ba, kuma ko ta'aziyya ba za ni zo ba. Cikin jikokin kaka Maliki ni da kai munka rage, wa za ni zaga in ba ka?

Ka dawo, Malami.

Larai.

*

Sabon Birni.

Zuwa ga Larai.

Wa'alaikumus salam. Ina raye, ki mayar da hawayenki cikin dila ki sayar. Mun dawo, mutane duka, karnuka duka. Ruƙayyatu ta ba ni takardunki biyu, na karanta su a kwance, don yanzu a kwance nike yin yawancin abubuwa. Ki gaishe da Mardiyya da angon Ruƙayyatu, Nasiru.

Ƙasar nan da kika zauna, ban san mi ke kai mai hankali can ba. Dutse kan dutse, gajimare na yawo a ƙasa. Safiyar farko na shiga ciyawa da ƙwaurina, ban karanta komai ba. Duk ta jiƙe sharkaf, inda alade ya bi da inda bai bi ba. Kafin hantsi ma ƙwaurin ya daina jin ciyawar kanta. Ban gaya ma kowa ba. Duna ce ta riƙa nemo sawu, ni ina binta ina nuni da sanda, wai ni na gano.

Abin da ya fi ba ni haushi tafiyar mutanena. Duk sun buɗe ƙafafu suna takawa a hankali, kamar yaran da anka yi ma kaciya. Na ce zaman mota ne ya lalata su, na zage su tas. Na ce ma Wada cinyoyinsa sun yi ƙiba, ko shi ke cinye masarar ba aladu ba. Ya ce, "Haka ne, Baba." A zango ni ke kwana nesa da wuta, yadda mai ƙaho ke yi, gwiwar na sarana har cikin ƙashi. Wata yamma Wada ya zo da jakarsa ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Baba, akwai wata magana." Na ce in maganar ƙaho ce ya jira in mutu. Ya ɗauki jakarsa ya koma.

Ranar da abin ya faru da safe ne. Karnuka sun tashi garken aladu sun bi su cikin kwari. Na zabura in bi, gabana wani ɗan rafi ne da ko akuya za ta tsallake. Na ɗaga ƙafa, gwiwar dama ta ce ba ta san zancen ba. Na faɗa cikin ruwan, na yi na yi na kasa tashi. Sai na ji dutsen duka ya ɗauka: shuu, shuu, shuu, shuu. Na ɗaga kai. Mutanena ne ke gudu su ɗauke ni, sun manta da buɗe ƙafa. Kowa da katifarki ƙarƙashin buje! Larai, ina cikin ruwa, haƙorana na kaɗawa, na bi su da zagi ɗaya bayan ɗaya, har da ke a ciki.

Sunka fitar da ni. Wada ya kwance jakar nan tashi, ya ciro gajeren wando mai faɗin ƙugu, busasshe, ya zura mani shi da hannunsa, bai dubi idona ba. Daidai ni. Tun daga Isa yake ɗauke da shi, dutse bayan dutse, ni kuwa ina zaginsa.

Ana cikin haka gajimare ya sauko ya rufe kwarin. Karnuka na can ƙasa, ba su san ƙasar ba, aladun can kuma haurensu na farke ciki. Muna jin kukan Duna na nisa, na ƙara nisa. In ba a kira su ba sun tafi kenan. Na kai ƙahon bakina. Leɓɓana sun ƙi haɗuwa, ƙirjina ba iska. Na busa, ya yi wani fuu da ko kaza ba za ta waiwaya ba. Na sake, haka. Kowa na kallon ƙasa. Wada ya ce, "Baba, huta kaɗan ka ƙara gwadawa, za su jira." Ƙarya yake. Ya san ba za su jira ba, ni ma na sani.

Na cire igiyar daga wuyana na miƙa mashi. Ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa. Na ce, "Kai, ɗan banza, karɓi ka kira mani karyata." Ya tsuguna ya karɓa da hannu biyu, ya miƙe ya busa. Rabon da in ji ƙahon kaka a bakin wani tun babana na da rai, na manta haka yake da daɗi. Sunka dawo duka, Duna a ƙarshe da yanka a cinya.

A kafaɗar Wada na sauko dutsen, labarin da mai shanunki ya ji kenan. Likitan can ya ce gwiwar ta gama farauta, za ta dai kai ni masallaci da sanda. Da munka dawo Wada ya kawo ƙahon har zaure ya ajiye gabana, wai aro ya yi. Na ce ya ɗauke abinsa kafin in kwaɗa mashi sandar, ƙa'ida ba ta san aro ba, kuma ba ni na kafa ta ba. Don haka ki sani, jikar Maliki, ƙahon ya bar gidanmu. Kin faɗa, kin sake faɗa, kada ki zo ki tsaya mani a kai ki ƙara. Raina ya ɓaci ƙwarai, iyakar abin da za ni ce kenan.

Na aika a ciro naki daga lambu. Rana ta cinye shi, ɓeraye sun yi gida a ƙafar hagu, tsuntsaye kuma sun saba da shi har suna sauka a kan hular. Na Wada nike sawa da safe in an fitar da ni ƙofar gida shan hantsi. Har yanzu ina nan kan bakana, wandon banza ne, mummuna, mai tona asirin mutum. Ɗumi dai gare shi.

Jiya da safe ina zaune nan, Duna kwance a ƙafata, rauninta ya kusa warkewa. Sai Wada ya busa daga ƙofar gidansu, za su kewaya fadama neman zomo. Ta ɗaga kunne. Ta dube ni. Na kau da kai ina gyara igiyar wando. Da na waiwayo ta kai bakin lungu tana ɗingishi, ko waige ba ta yi ba.

In hanya ta yi kyau ki zo. Ki taho da goro, ni haƙorana lafiya lau.

Taubashinki,
Malami.